Wuni Guda da Yara Huɗu Tsakanin Gidan Tarihi da Filin Wasa a Yamai

A Jamhuriyar Nijar babban hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, daga watan Yuli har zuwa ƙarshen Satumba, saboda haka duk magidancin da ya yi wa ƴaƴansa alkawarin fita da su a cikin wannan hutu, da sararin sama zai fara shawara kafin ya yi da aljihunsa. A Yamai watan Agusta ya fi kowane wata ruwa, kuma hadarin garin nan ba ya yawan sanarwa, domin sai a wayi gari sama garau, rana ta take har la'asar, sannan gabas ta yi baƙi ƙirin, iska mai ƙura ta riga ruwan isowa, kafin a ankara hanyoyin unguwannin da ba su da kwalta sun zama koramu. Duk da haka lokacin ya fi watannin Afrilu da Mayu daɗin fita da yara nesa ba kusa ba, tunda a waɗancan watanni zafi kan haura digiri 40, kuma babu uwar da za ta yarda a kai mata ɗa yawo a cikinsa.

Yaran da muka fita da su huɗu ne: babbar ƴata mai shekara 9, ƙanenta mai shekara 6, autanmu mai shekara 3, da ɗan ƙanwata mai shekara 7, wanda mahaifiyarsa ta aiko mana daga Tawa domin ya yi hutu a wurinmu. Manya kuwa mu uku ne, ni da uwargida da ƙanwarta, wadda take karatun sakandare. Wannan lissafi shi ne ya yanke kusan kowace shawara da muka yi daga baya, domin yarinya mai shekara 9 tana iya wuni tana tafiya, amma mai shekara 3 ƙafarsa ba ta wuce sa'a biyu, kuma ayarin da ke da irinsa a ciki da saurinsa yake tafiya, ko an so ko ba a so ba.

Da farko yaran raƙuman dawa na Kure suka nema, saboda sun gan su a littafin makaranta. Kure tana kan hanyar Doso, kimanin kilomita 60 daga Yamai, kuma a yankinta ne mafi yawan raƙuman dawan Afirka ta Yamma da suka rage suke rayuwa a sake, amma zuwa can yana bukatar mota mai iya shiga daji da ɗan jagora, ga kuma batun tsaro da bai fita daga ran mutane ba tun harin da aka kai a wurin cikin watan Agustan 2020. Yawon kwalekwale a kogi ma uwargida ba ta bari an gama faɗarsa ba, kuma tana da gaskiya, tunda a wannan wata kogin Isa, wato kogin Neja, a cike yake, yaran kuma babu wanda ya iya iyo. Abin da ya rage, wanda kuma ya fi dacewa da shekarunsu, shi ne gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, inda ake ajiye namun daji, sannan ɗaya daga cikin filayen wasan yara na kuɗi da suka yawaita a birnin.

A kan wanda za a fara zuwa ne muka ɗan yi jayayya. Yaran sun so a fara da filin wasa, ƙanwar uwargida ma ta goya musu baya, amma na ƙi, kuma har yau ina ganin wannan ita ce shawarar da ta riƙe wunin gaba ɗaya. Yaron da aka fara ɗora shi a kan doki mai kewayawa da motar karo, idan aka kai shi gaban kejin zaki daga baya, ba zakin zai kalla ba, tambayar yaushe za a koma zai riƙa yi. Ban da haka dabbobi da safe suke motsi, da rana ta ɗaga sai kowace ta nemi lungun inuwa ta kwanta, yayin da ƙarafan lilo da na zamiya ba sa taɓuwa da tsakar rana, masu filayen ma sai la'asar suke samun jama'a. Muka tsayar da magana a kan dabbobi da safe, hutu da azahar, wasa bayan la'asar, a kuma koma gida kafin magariba. Muka zaɓi ranar Alhamis don gudun cunkoson Asabar da Lahadi, wanda shi kansa bai kama ƙafar na ranakun sallah ba, lokacin da yaran birnin kan yi dafifi a gidan tarihin har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa.

Shirin kuɗi na fara yi, kuma duk wanda ya zauna a Yamai ya san cewa matsalar ba ta tsaya ga samun kuɗin ba, har da samun canji. Idan ka miƙa wa mai sayar da ruwa ko mai tikiti takardar jika biyar ta kuɗin sefa, to ka shirya tsayuwa, ko kuma ka sayi abin da ba ka yi niyya ba. Saboda haka tun ana saura kwanaki na riƙa tara tsabar dala goma da dala ashirin da dala arba'in daga mai shagon unguwarmu, sannan na raba abin da na tanada kashi uku, na mota daban, na ƙofa da ƴan ciye-ciye daban, na wasa daban. Na wasan ne na bayyana wa yaran tun a gida: kowa yana da jika ɗaya da rabi, shi zai zaɓi abin da zai hau, kuma idan ta ƙare ta ƙare. Na faɗa musu wannan a gaban mahaifiyarsu domin kada wani ya zagaya ta bayana ya nemi ƙari.

Uwargida ta ɗauki nauyin abinci. Ta yi dambu da zogale tun da asuba, ta soya nama kaɗan, ta kuma sa gorunan ruwa a firiji tun daren jiya har suka zama ƙanƙara, yadda za su riƙa narkewa a hankali har yamma. A jaka guda aka zuba tabarma mai naɗewa, buta, sabulu, kayan canji na auta da na mai shekara 6, da zanen goyo, wanda ya fi kowane abu amfani a wannan rana. Yaran huɗu ta sa musu rigunan ankon da aka ɗinka a bikin wata ƴar'uwarta, ba don ado ba, sai don ido ya riƙa tsinto su da sauri a cikin taro. Ni kuma na rubuta lambar wayata a ƴan takardu na sa wa kowa a aljihu, na raba su ga manya: auta na mahaifiyarsa ne, mai shekara 6 na ƙanwarta, ɗan ƙanwata nawa, babbar kuma tana gabana inda nake ganinta. Amfanin wannan rabo shi ne babu babban da zai ce ya zaci yaro yana wurin wani.

Taksin Yamai na haɗaka ne, direba yana kwasar fasinja a hanya gwargwadon inda kowa ya nufa, kuma neman gurbin mutum shida a mota ɗaya a bakin titi wahala ce kawai. Don haka na yi shatar motar wani direba da muka sani a unguwa, muka yi ciniki tun daren Laraba a kan zuwa uku: ya kai su gidan tarihi da safe, ya ɗauke su zuwa filin wasa bayan la'asar, ya mayar da su gida da yamma. Ni na bi su a baya a kan babur ni kaɗai. Ana yawan ganin uba ya jera yara uku ko huɗu a kan babur, ɗaya a kan tanki sauran a baya, babu hular kwano ko ɗaya, kuma na san rashin hali ne ke sa da yawa yin haka, amma a ganina gara a rage kuɗin lilo a biya mota.

Mun isa ƙofar gidan tarihin da misalin ƙarfe tara. Wurin yana tsakiyar gari, kusa da otal ɗin Gaweye da gadar Kennedy, kuma an buɗe shi ne a 1959, kafin samun ƴancin kai da shekara guda. Daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, marubuci kuma masanin tarihi wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasa har zuwa juyin mulkin 1974, ya kuma rasu a 1982. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 24, kuma wannan adadi yana da muhimmanci ga mai yara, domin yana nufin ba za a iya ganin komai ba. Kuɗin shiga na ɗan ƙasa ba shi da yawa. Na sayi tikiti, na tambayi mai ƙofa lokutan da ake buɗe ɗakunan nuni da rufe su, sannan kafin mu yi nisa na tsayar da yaran na nuna musu ƙofar da kyau, na ce duk wanda ya duba bai ga kowa ba, kada ya yi ta yawo yana nema, ya tsaya inda yake ko ya nuna takardarsa ga ma'aikaci.

Zakuna muka fara nufa, sai kuraye, sai birai, waɗanda suka fi kowa tara yara saboda ba sa zama wuri ɗaya. A nan ne aikin riƙe hannu ya fi tsanani, domin yaro yana ganin biri ya miƙo hannu sai shi ma ya so ya miƙa nasa, kuma babu abin da ya fi saurin fizge yatsa ko gyaɗa kamar biri. Auta bai ji tsoron zaki ba ko kaɗan, wataƙila don yana kwance, amma da jimina ta ɗago wuya ta dube shi ta saman shinge, sai ya saki ƙara ya maƙale ƙafar mahaifiyarsa, daga nan aka fara goyo.

Wurin dorina muka fi daɗewa. Da muka isa babu abin da ake gani a ruwan sai kunnuwa biyu da hanci, har mai shekara 6 ya ce a tafi babu komai a ciki. Na ce su yi haƙuri su ƙirga a hankali, domin dorina kan yi kimanin minti biyar a ƙarƙashin ruwa kafin ta ɗago ta shaƙi iska. Ba su kai ƙarshen ƙirgen ba sai ta taso, ruwa yana kwarara daga bayanta, ta girgiza ƙananan kunnuwanta, ta yi wani huci da ya feso ruwa, sannan ta wangame baki gaba ɗaya, cikinsa ja-ja, haƙoran ƙasa biyu sun lanƙwaso sama, kowanne ya fi tsawon hannun auta. Ɗan ƙanwata ya matse mini yatsu ya ce, "Kawu, mutane take ci?" Na ce masa ciyawa take ci, da dare take fitowa kiwo, amma masunta da manoman shinkafa na bakin kogi, daga Bubon har Ayaru, sun fi jin tsoronta a kan kada, saboda tana kife kwalekwale idan aka matsa mata, musamman mai ɗa. Wannan bayani bai kwantar masa da hankali ba, amma ya sa ya daina jingina da shingen.

Daga nan muka shiga rumfar ƙasusuwan dabbobin zamanin da. Yawancinsu daga Gadufawa aka tono su, wani wuri a hamadar Tenere cikin jihar Agadas, inda wani Bafaranshe masanin ƙasusuwa mai suna Philippe Taquet ya yi aiki tun shekarun 1960. Akwai dinozor ɗin da aka sa wa suna Ouranosaurus nigeriensis, mai cin ganye, tsawonsa kimanin mita 7, da dogayen ƙasusuwa jere a gadon bayansa, akwai kuma katon kadan nan Sarcosuchus, wanda tsawonsa ya haura mita 9. Masana sun ce sun rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin da yake rairayi zalla a yau yake cike da koguna da itatuwa. Yaran ba su damu da miliyoyin ba, domin a wurinsu shekara ɗari da shekara miliyan duk ɗaya ne. Abin da ya yi aiki shi ne da na sa su huɗun suka kwanta a tunaninsu kai da ƙafa a gefen kadan, babbar ta lissafa ta ga ko rabinsa da ƙyar suke kaiwa. Mai shekara 6 ya daɗe yana kallon haƙarƙarin, sannan ya ce, "Baba, to wa ya cinye naman?"

Itacen Tenere kuwa ni na nace sai mun gan shi, ko da yake ga idon yaro busasshen kututture ne kawai a cikin rumfa. Itacen ƙaya ne da ya tsaya shi kaɗai a hamada, babu wani a kewayensa sai an yi tafiya mai nisa, kuma ayarin raƙuman gishiri da ke bin hanyar Agadas zuwa Bilma da shi suke gane hanya, ba sa karya reshensa don hura wuta. Da aka haƙa rijiya a gefensa an tarar saiwoyinsa sun nutsa fiye da mita 30 suna neman ruwa. A 1973 wani direban babbar mota ya buge shi ya karye, aka kwaso gangar jikinsa aka kawo Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Babbar ƴata ce ta karanta allon bayanin da Faransanci tana fassara wa ƙannenta, kuma da ta zo kan batun direban sai ta tsaya ta ce, "Duk faɗin hamadar nan bai ga inda zai bi ba sai kan itace ɗaya?" Ban da amsar da zan ba ta, sai na tuna musu da itatuwan da ake dasawa kowace ranar 3 ga Agusta, ranar da Nijar ta samu ƴancin kai.

Ɗakin tufafin gargajiya da na kayan kiɗa mun ratsa su ne da sauri, na uraniyom kuwa ko leƙawa ba mu yi ba, ko da yake ni kaina ina son ganinsa, tunda tun 1971 ake haƙar wannan ma'adini a Arlit. Ƙarfe goma sha biyu ta gota, auta ya fara ƙananan koke-koke marasa dalili, kuma wannan alama ce da ba a jayayya da ita.

Muka nemi inuwar itace muka shimfiɗa tabarma, aka wanke hannu da sabulu saboda shingayen da aka sha taɓawa, aka ci dambu, aka sha ruwan da ya narke ya bar sanyinsa. Na yi alwala da butar na yi sallar azahar, uwargida da ƙanwarta suka yi tasu bi da bi domin kada a bar yaran babu ido. Bayan haka ba mu yi komai ba har fiye da sa'a guda, kuma ina ganin iyaye da yawa a nan suke ɓata wuninsu, saboda suna jin tunda an biya kuɗin ƙofa dole a ci gaba da zagaye. Auta ya yi barci sosai, manyan suka kwanta suna gardamar ko zaki zai iya kayar da dorina, masu tallar yogot da ƙanƙarar bisap, wato zoɓo, suka zo aka saya wa kowa ɗaya daga kason ciye-ciye. Yaron da bai huta da azahar ba, da la'asar ba wasa zai yi ba, rigima zai yi.

Kafin direba ya iso mun tsaya a rumfunan masu sana'ar hannu da ke cikin gidan tarihin, inda dukawa da masaƙa da maƙeran azurfa suke aiki a gaban jama'a. Wani dattijon maƙeri, da ya ga yaran sun tsugunna suna kallo, ya nuna musu yadda ake yin abin wuyan nan da aka fi sani da giciyen Agadas: ana fara siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, idan ta huce a fasa yumɓun, sannan a zauna da magagari da ɗan ƙaramin ƙarfe ana zana ado. Ya ce wa ɗan ƙanwata, "Kai ɗan ina ne?" Da ya ji Tawa, sai ya lalubo na Tawa daga cikin jerin ya ɗora masa a tafin hannu, domin garuruwa da dama kowanne yana da nasa fasali. Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri," na sayi ƙaramar jakar fata don a kai wa ƙanwata tsaraba, tunda azurfar ta fi ƙarfin kason da na ware.

Da muka fito na roƙi direban ya haura gadar Kennedy ya juyo, saboda yaron Tawa bai taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Tabalak ba. Gadar tun 1970 take, kuma a watan Agusta ruwan da ke wucewa ƙarƙashinta ja ne, domin rafukan da ke gangarowa daga ɓangaren Burkina Faso, irin su Sirba, suna kwaso jar ƙasa su zuba a kogin. An ce mini bai ce uffan ba har suka dawo.

Filin wasan da muka je na wani ɗan kasuwa ne, ana biyan kuɗin ƙofa, sannan kowane abin hawa da tikitinsa. Ƙa'idar da na bi ita ce ba na sayen tikitin abu sai na tsaya na kalli zagaye ɗaya cikakke daga farko har ƙarshe. A cikin wannan ɗan lokaci mutum yana ganin tsawon zagayen, da saurin injin, da ko mai kula da shi yana duba ɗamarar kowane yaro ko kuwa wayarsa yake dannawa, da kuma yadda yaran da suka sauko suke, masu dariya ne ko masu jiri. A wurin dawakai masu kewayawa na lura ɗamarar dokin da aka ɗora mai shekara 6 ba ta kamawa, sai na ce wa saurayin da ke wurin, "Ɗan'uwa, don Allah a canja masa doki, wannan maɗaurin ya saki." Ya canja ba tare da musu ba, amma da zagayen ya ƙare na ga an ɗora wani yaron a kan dokin nan, sai da mahaifiyarsa ta ji na sake magana sannan ta sauke shi. Auta kuwa a kan ƙaramin jirgin ƙasa ya ƙare kuɗinsa duka, yana zaune a cinyar ƙanwar mahaifiyarsa, kuma abin dariya ne a ce wannan shi ne jirgin ƙasan da yawancin yaran Nijar za su iya cewa sun hau, tunda layin dogon da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso bai kai ga jigilar fasinja ba.

Gidan tsalle na roba, wanda ake hura wa iska, shi ne ya fi jan yara kuma shi na fi sa wa ido. Haɗarinsa ba faɗuwa ƙasa ba ne, haɗa manya da ƙanana ne a ciki lokaci ɗaya, domin idan ɗan shekara 12 ya dira, ɗan shekara 3 da ke gefensa sama yake yi ya faɗo a kan duk abin da ya samu. Na hana auta shiga, na bar na tsakiyan biyu sai da zubin ƙanana ya zo. Suna ciki aka ɗauke wuta. Irin wannan gida injin hura iska ne ke riƙe da shi ba tsayawa, saboda haka da injin ya mutu sai bangayensa suka fara lanƙwasowa ciki, rufin yana saukowa a hankali kamar salkar da ake tsiyaye ruwanta. Ma'aikata biyu suka shiga suna fito da yara, iyaye suka taru a bakin ƙofar kowa yana kiran sunan nasa, kuma a nan rigunan anko suka biya kuɗin ɗinkinsu, domin ina hango launin na miƙa hannu na jawo su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ji rauni, cikin ƴan mintuna aka tayar da janareta, gidan ya sake miƙewa. Yaran sun so komawa, kuma na bar su, amma na tsaya a bakin ƙofar har suka fito.

Rigimar kuɗi ta zo kamar yadda aka zata. Mai shekara 6 ya zuba kasonsa a motocin karo tun da wuri, ya dawo yana kallon yayarsa wadda ta riƙe nata tana zaɓe a hankali. Ya je wurin mahaifiyarsa ya ce, "Mama, ki ce wa Baba ya ƙara mini ɗaya kawai." Ta ce masa, "A gabana aka yi magana, ni ba ruwana." Ya yi kuka na ɗan lokaci, sannan ya gano cewa lilo da zamiya ba a biyan komai a kansu bayan kuɗin ƙofa, kuma a can ya ƙare yammacin tare da wasu yara da bai sani ba, suna tsere da Zabarmanci da Hausa a gauraye. Da na ƙara masa, da sauran ukun ma sun zo da nasu ƙorafi, kuma da hakkinsu.

Wajen ƙarfe shida saura na ga gabas ta fara haɗa baƙi, iskar kuma ta canja ta yi sanyi. Ko ba hadari ma lokacin tashi ya yi, domin Agusta da Satumba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro, har ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida wata-wata suna ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafi, kuma babu hikima a ba yaro magani da safe a bar shi a fili cikin ciyawa da magariba. Na kira direba nan take, domin da zarar ƙura ta taso samun taksi a Yamai sai an yi da gaske. Babbar tana da sauran tikiti ɗaya, na ba ta zaɓi ko ta hau abu mafi kusa yanzu ko ta haƙura, ta hau dawakai, muka tattara jaka da takalma muka ƙirga kawuna a bakin ƙofa.

Motar ta riga ruwan isa gida. Ni kuwa a kan babur ƙurar ta fara cim mini, sannan ruwan ya sauko da ƙarfi, sai da na fake a rumfar wani mai gyaran taya tare da wasu masu babura har ya tsagaita, na ƙarasa unguwa ina tura babur ɗin a inda ruwa ya kai gwiwa. Da na zauna lissafi bayan isha'i, shatar mota ce ta ci kaso mafi girma, wasa ya biyo baya, kuɗin ƙofar gidan tarihi na mu bakwai kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin duka. Daga kason ciye-ciye dala sittin ta rage, uwargida ta karɓe ta ta ce kuɗin zogalenta ne.